Ranar da Baba Ya Ƙi Nasa

Ranar wata Litinin ce cikin damina, shekarar da nake aji shida na firamare a Anacha, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Tun asuba ake ruwa, irin ruwan Kudu da ba ya zuba ya gama, har filin makarantarmu ya koma kwatami. Ina tsaye a ofishin hedimasta, ƙafafuna duk jar laka, rigar makaranta ta manne mini a jiki, sai na ji warin albasa ya riga mai shi shigowa. Baba ne. Ya tuɓe takalmansa na roba a bakin ƙofa ba tare da wani ya ce ya tuɓe ba, ya yi sallama a ɗakin da babu mai amsa masa, ya raɓe daga gefe riƙe da lemarsa. A kan teburin hedimasta akwai takardun jarrabawa biyu, tawa da ta Ngozi, yarinyar da muke zama benci ɗaya. Amsoshin lissafin da ke cikinsu iri ɗaya ne daga na farko har na ƙarshe, har da wani kuskure guda da ya fito a duka biyun, wato ɗayarmu ta kwafi ta ɗaya. Yara uku kacal makarantar take turawa kowace shekara su zauna jarrabawar neman gurbin karatu kyauta a sakandaren kwana. Sunana, Rabi, shi ne na farko a jerin, na Ngozi na biyu, kuma hedimasta ya riga ya gaya mana cewa wadda aka kama da laifi za a soke sunanta, a kuma zane ta a gaban asambule. Da na ga Baba sai hankalina ya kwanta, na ce a raina yau kam mai raba gardama ya iso.

Baba mutumin ƙasar Kano ne, ya sauko Anacha tun yana saurayi a bayan motar albasa, ya kafa rumfa a Kasuwar Ose Okwodu, can kusa da bakin kogi. A Anacha ya yi aure, a nan aka haife mu mu biyar, ni ce ta fari. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, iyali takwas duk Hausawa, da 'yar tsakar gida wadda in mutum biyu suka yi shanya sai na uku ya jira gobe. Aikina na safe shi ne layin famfo da bokiti biyu kafin a buga ƙararrawar makaranta. Ranar Asabar kuwa, in tirela ta sauke kaya, sai a kawo mana buhunan da ruwa ya taɓa a hanya, mu zauna da Inna mu tsince ruɓaɓɓun, mu shanya masu rai a kan kwanon rufin ɗakin girki, muna kallon sama don kada hadari ya yi mana ba-zata. Hannuna ya yi ta wari ke nan har Litinin, ko na wanke da toka da lemon tsami. Da yamma mu je makarantar allo a zauren wani tsohon mahauci, mu dawo mu yi 'yar carafke da duwatsun bakin kogi, mu yi gaɗa, mu haɗa da tafa-tafan da muka koyo a wurin 'yan matan Ibo, waƙar rabi Hausa rabi buroka, wato Turancin kasuwa. A makaranta da Ibo nake faɗa, a kasuwa da buroka nake ciniki, amma da na tako ƙofar gida sai Hausa, don Baba ya ce ba a gidansa za a yi masa yaren da zai nemi tafinta ba.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ɗan abin da yake faɗa rabinsa karin magana ce. In 'yan dako suka yi masa rashin kunya a kasuwa, sai ya ce "baƙo raɓa ne," ya ci gaba da ɗinke buhunsa. In mai gidan haya ya zo yana ɗaga murya a kan kwata, sai ya ce "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Amma wadda na fi ji a bakinsa, wadda kuma duk gidanmu ke tafiya a kanta, ita ce "ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi." Mu a gidanmu wannan ba magana ba ce kawai, haka ake rayuwa. In na yi faɗa da 'yar maƙwabta, Inna ba ta tambayar wa ya fara, ni za ta kama ta shiga duka. Kafin ta kai hannu na uku uwar yarinyar ta fito da gudu ta fizge ni, ta ɓoye ni a bayanta, tana cewa ai tata ce mara jin magana, ta juya ta dungure wa tata kai. Sai a tashi kowa ya ƙi nasa, kowa kuma an so masa nasa, da yamma a yi musayar kwanon tuwo. Ni da nake 'yar fari abin ya fi tsanani a kaina. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba ma haka, daga "ke" sai "yarinyar nan." Ranar da na kawo sakamako na zo na ɗaya, ya karɓa ya duba a juye, ya miƙo mini, ya ce wa Inna a ƙara wa yara nama a miya. Ban taɓa jin haushin haka ba a lokacin, don duk 'ya'yan fari na gidan haka ake yi musu.

Makaranta kuwa wata duniya ce daban. Mu Hausawa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Ranar Juma'a mu zo da adda mu sare ciyawa, mu share ƙarƙashin mangwaro, a buga tsohon ƙarfen taya da aka rataye a matsayin ƙararrawa. Ngozi ƙawata ce ta gaske, kada wani ya ce ba haka ba. Ita take kawo mini rogo da kwakwa, ni in kawo mata masar Gwaggona, kuma ita ta fara tare mini faɗa ranar da wani yaro ya toshe hanci ya ce albasa ta shigo aji. Ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma lissafi ya gagare ta, in ta ga rabawa mai tsawo har gumi take yi. Mahaifiyarta kifi busasshe take sayarwa a Ose, layinsu bai da nisa da na Baba, suna gaisawa kullum. Mace ce da ta ɗora duk burinta a kan wannan gurbin karatu, Ngozi ta sha gaya mini cewa in ba ta ci ba kada ta koma gida. Ranar jarrabawar gwaji na ji gwiwar hannunta tana taɓa tawa, na ga idonta a kan takardata. Ban rufe ba. Wannan shi ne laifina, kuma da a ce da shi aka tuhume ni, da na amsa. Amma in ce na kwafi lissafi a wurin Ngozi, wannan ko ita kanta da ta ji a wata rana daban da dariya za ta yi.

Baba bai daɗe da shigowa ba Maman Ngozi ta faɗo ofishin, ɗankwali a hannu, zani a ɗaure a ƙugu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta jawo 'yarta ta rungume a ƙirji, ta buga tebur, ta ce 'yarta ba ɓarauniya ba ce, ita ta haife ta, ita ta san abin da ta haifa, wanda duk ya ce ta yi sata ya fito ya faɗa a gabanta. Ngozi ta fashe da kuka mai ƙarfi. Hedimasta dattijo ne mai tabarau, kuma in faɗi gaskiya ba azzalumi ba ne. Ya sa Ngozi ta dube shi cikin ido ta ce ba ta yi ba. Ta dube shi tar, hawaye na zuba, ta ce ba ta yi ba. Ya juyo kaina ya ce ni ma in dube shi. To ni tun da na yi wayo ake gaya mini cewa yaron da ke tsura wa babba ido fitsararre ne, ga kuma Baba tsaye a gefena. Wallahi na yi ƙoƙari. Na ɗago kai har na ga maɓallin rigarsa, wuyana ya ƙi ƙarasawa, na mayar da ido kan yatsun ƙafata na ce ban yi ba, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Maman Ngozi ta tafa hannu ta ce a duba, ko kallon mutum ba ta iya yi.

Duk da haka hedimasta bai yanke hukunci ba, don ya san wadda take cin lissafi a ajin. Ya ce akwai hanya mai sauƙi, zai rubuta tambaya ɗaya a allo, kowaccenmu ta yi a gaban iyayenta. Maman Ngozi ta yi tsalle ta dire ta ce ba a isa a mayar da 'yarta abin kallo ba, ta riga ta ci jarrabawa sau ɗaya, ba za ta sake ba. Sai hedimasta ya juya wajen Baba. Ya ce, "Malam, kai ka san 'yarka. In ka ce ba za ta aikata haka ba, yanzu zan ɗauko alli." Na rantse har na fara murza yatsuna, ina jin allin a hannuna. Baba ya gyara tsayuwa, ya yi murmushin nan nasa na kasuwa, ya yi magana da guntun burokansa, a hankali, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Oga, ɗa na kowa ne. Tun da na kawo ta nan, taka ce. Ba zan tsaya a gabanka ina wanke tawa ba, kuma ba sai an wahalar da 'yar mutane ba. Abin da ka gani ka yi." Hedimasta ya cire tabarau ya dube shi ya daɗe. Ya sake tambayarsa ko ya fahimci abin da ake cewa. Baba ya ce ya fahimta. Sai hedimasta ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunana.

Na san abin da Baba yake jira, don na ga ya ɗan juya wajen Maman Ngozi. Jira yake ta ce haba Malam, ai Rabi yarinyar kirki ce, tawa ce mai rawar kai, bari a bincika. Jira yake hedimasta ya ce tun da ka bar mini ita, to ni zan tsaya mata. Abin da kowace uwa a tsakar gidanmu za ta yi ke nan ba tare da ta yi tunani ba. Amma matar nan ta ja hannun 'yarta ta fice tana gode wa Allah da ƙarfi, hedimasta kuma a wurinsa magana ta ƙare, don a garinsu uban da aka ba shi dama ya kare 'yarsa ya ƙi, to ya san abin da ta aikata. Su ma suna da tasu karin maganar, Ngozi ta taɓa fassara mini ita, cewa wanda ya yi shiru ya amsa. Washegari aka fito da ni gaban makaranta gaba ɗaya, aka karanta laifina, aka yi mini bulala shida a hannu. Ban yi kuka ba, don shi ma an koya mini cewa abin kunya ne, sai malamai suka ce ku dubi taurin kai irin na ɓarawo.

Da na koma gida Inna ta ga hannuna a kumbure, ta ɗauko man kaɗanya ta ajiye a gefena ta koma bakin murhu, tana ta hura wutar da ta riga ta kama. Wadda ta yi magana ita ce Gwaggo Laraba, yayar Baba, mai sayar da masa a bakin tasha, wadda tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin ƙarshe na gidanmu. Mace ce da ko direban tirela ba ya cin masarta ya yi mata wargi. Ta sa na ba ta labari tiryan-tiryan, ta ɗaura mayafi, ta zauna a ƙofar ɗakinmu har Baba ya dawo daga la'asar. Ko tabarma ba ta bari ya hau ba. "Sani, ashe kai sakarai ne ban sani ba? An miƙo maka alli ka ce a bar shi?" Baba ya ce, "Yaya, ka so naka duniya ta ƙi shi." Ta ce, "Wace duniyar? Ka ga duniyar a ofishin? Tsoro na daji, kunya na gida. Ka kwashi kunyar gida ka kai ta inda ba a san ta ba, ka zubar da yarinya. Ba ka taɓa jin an ce jin kunyar mara kunya asara ba ne? Ranar wanka ake ɓoyon cibi?" Ya ce mu baƙi ne a garin nan, da matar nan kuma layinsu ɗaya a kasuwa. Ta ce shekara ashirin yana shan ruwan garin yana kiran kansa raɓa, wace irin raɓa ce rana ba ta busar da ita. Ya shige ɗaki, ranar ko tuwo bai ci ba.

Da safe Gwaggo ta bar tandarta a hannun maƙwabciya, abin da ba ta taɓa yi ba ko da zazzaɓi, ta kama hannuna muka hau okada har makaranta. Ta yi wa hedimasta Hausa zalla ina fassarawa, kuma rabin abin da ta faɗa ban fassara ba don ina son in gama makarantar. Ta ce a ɗauko allin yanzu. Mutumin ya saurare ta har ta gama, ya ce ya ji, kuma shi ma abin ya tsaya masa a rai, amma an riga an aika da sunaye, an sa wani yaro a gurbina, kuma uban yarinya da bakinsa ya ce a yi hukunci, ita gwaggo ba ta da hurumin warware maganar uba. Ya ce in uban ya zo da kansa ya ce ya janye, zai rubuta takarda ya gwada. Muka dawo da wannan saƙo. Gwaggo ta faɗa wa Baba, ta sake faɗa masa, ta aika masa da limamin unguwa. Baba ya ce babba ba ya magana biyu, ya riga ya ba mutum amana, ba zai koma ya ce ya fasa ba. Kwana uku ana wannan, ranar ta huɗu Gwaggo ta koma wa masarta, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Abin da ya fi bulalar ƙona mini rai shi ne jajen da aka yi ta yi mini. Duk wanda ya shigo gidan da karin maganarsa a baki. Wannan ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Wancan ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya za ta yi halinta. Wata ta ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in rabona ne zai dawo. Dattawan rumfar su Baba kuwa har yaba masa suka yi, wai ya nuna wa mutanen gari cewa Bahaushe ɗan mutunci ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To me ya hango? Ni dai abin da na gani shi ne motar da ta kwashi yara uku zuwa jarrabawa ta wuce ni ina layin famfo. Ramin ƙaryar nan da aka ce ƙurarre ne, Ngozi ta shige shi ta fita ta can gefe da gurbin karatunta, ta tafi makarantar kwana da sabon akwati. Ba ta sake yi mini magana ba, in mun haɗu a Ose sai ta sauya layi, kuma ban taɓa iya tsanarta yadda nake so ba, don na san abin da ke jiranta a gida in ta faɗi gaskiya. Ni kuwa sunan mai satar amsa ya bi ni har sakandaren je-ka-ka-dawo da na shiga, don yaran ajinmu da yawa can suka tafi.

Shi ya sa in na ji masu jawabi a taro suna cewa karin magana madubin al'umma ce, hikimar magabata ce zalla, sai in ji kamar in tashi in karɓe abin maganar. E, madubi ce, ban musa ba. Amma Hausawan da suka ce ka ƙi naka su ne suka ce naka sai naka. Waɗanda suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse su ne suka ce haƙurin kaya sai jaki. Duka suna nan a rumbu ɗaya, Baba ya san na Gwaggo, Gwaggo ta san nasa. In kana son sanin mutane, kada ka tsaya a jerin karin maganarsu, duba wadda hannunsu yake kaiwa gare ta ranar da abu ya taso. Iyayenmu na Kudu, da suka baro gida suka zauna cikin mutanen da suka fi su yawa, kullum hannunsu na haƙuri da kawaici yake ɗaukowa, har suka manta akwai sauran. Kuma ba su lura ba cewa maganar da Baba ya fi so aikin mutum biyu ce. Kai ka ƙi naka, wani ya so maka shi. A tsakar gidanmu akwai mai yin rabi na biyun. A ofishin nan babu, Baba ya sake ni ne yana zaton akwai hannu a ƙasa.

Shekaru suka tafi. Na gama sakandare, na yi kwalejin horon malamai, aure ya kai ni Fatakwal. Baba ya tsufa ya bar wa ƙannena rumfa ya koma ƙauye, kamar yadda ya sha faɗa. Abu ɗaya ne ya ƙi barina duk tsawon lokacin nan: ban san ko ya yarda na yi satar ba. A ciwonsa na ƙarshe na je na yi mako biyu. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, babu kowa sai mu biyu, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ranar nan a ofishin hedimasta, ka ɗauka na kwafa ne?" Na zaci zai ce wace rana. Bai ce ba. Ya ture cokalin ya ce, "Ke? Ke da tun kina aji uku malaminku ya biyo ni rumfa yana cewa bai taɓa ganin kai irin naki ba? Tun kafin in tuɓe takalmi na san ba ki yi ba." Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Da wane bakin zan tsaya gaban mutane in yabi 'yar fari? Na buɗe baki, abin ya ƙi fita." Sai ya ce in ba shi kunun kada ya huce. Ni da na yi shekaru ina fatan ya ce ya san ban yi ba, da ya faɗa sai na ji gara a ce zargina yake yi, don da ya fi mini sauƙin ɗauka. Ban taɓa sanin wani malami ya je rumfarsa ba sai ranar. Bayan wata biyu ya rasu.

Yanzu ni ce mai riƙe da jan biro, a wata firamare kusa da Rumuokoro, nan cikin Fatakwal, kuma akwai 'ya'yan Hausawa da yawa a ajina, 'ya'yan mahauta da 'yan tireda. Suna kallona cikin ido, suna amsa mini da buroka, in na jefa musu karin magana sai su tsaya suna jiran fassara. Iyayensu ma sun waye. In aka taɓa yaro, uba zai zo har aji yana nuna ni da mukullin mota, ko da ɗan nasa ne ya fasa wa wani baki, uwa ta kira ni a waya ta ce ɗanta ba ya ƙarya. Da farko daɗi nake ji, ina cewa madalla, ga abin da aka hana ni. Yanzu kuma ba na jin daɗin, don kowa ya so nasa, babu mai son na wani, kuma yaron da uwarsa ba ta da baki shi ke kwana a ciki kamar dai dā. Har yau in na tuna layin nan da aka ja a kan sunana raina yana ɓaci, ban kuma ce Baba ya yi daidai ba, ba zan taɓa cewa ba. Amma duk ranar da aka ce ga mahaifin wani yaro a bakin ƙofa, sai in tsinci kaina ina fatan in ga dattijo ya raɓe daga gefe, ya ce mini malama ɗa na kowa ne, abin da kika gani ki yi. Na san abin da zan yi. Zan jawo yaron in ɓoye shi a bayana in tsaya masa. Shekara ashirin ina koyarwa, har yau ba wanda ya zo ya ce mini haka.